Filin Makanikai: An ce tof gaskit ne, a gyara ko a rabu da motar?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo. Tsohuwar mota ta fara shan ruwa ko tana tafasa, an kai ta gareji, bakanike ya ce tof gaskit ne, ya yanke kuɗin da ya sa mai mota ya yi tagumi. Ga waɗanda muka zaɓa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Motata mai silinda huɗu ce, ta kai shekara 18. Duk bayan kwana uku sai na ƙara mata ruwa kusan lita ɗaya, amma ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Da safe takan yi karkarwa na ɗan lokaci sannan ta daidaita. Bakanike ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya ce tof gaskit ne, in kawo kuɗi a buɗe inji. Ta yaya zan tabbatar kafin in biya? (Daga wani mai karatu)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana ya yi kama da gaskit ƙwarai, amma leƙe ba gwaji ba ne, kuma inji ba abin da ake buɗewa a kan zato ba ne.

Gaskit ɗin nan siririn faranti ne da ke matse tsakanin bulok, wato gangar inji inda fistoci ke hawa da sauka, da tof, wato murfin da ke ɗauke da bawul da fulogi. Abu uku yake raba wa hanya: wutar da ke tashi cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Matsin da ke cikin silinda lokacin da mai ya kama wuta yakan haura bar 50 (bar ma'aunin matsi ne) a injin fetur, a dizal ma ya wuce 100. Na ruwan lagireto kuwa bar ɗaya ne kacal. Ka ga ke nan in gaskit ya tsage tsakanin su biyun, muddin inji na aiki iskar ƙuna ce za ta kutsa cikin ruwa, ta kore shi waje. In an kashe inji kuma sai lamarin ya juya: silinda ta huce, ruwa kuma yana da sauran matsi, sai ya riƙa tsatsa cikinta har gari ya waye. Karkarwar safiya da kake ji, fulogi ne ke fama da wannan ruwan kafin ya ƙone.

Akwai abin da za ka duba da kanka. Da safe, kafin a tayar da mota, buɗe murfin lagireto, cika ruwa har baki, sannan a tayar. Ƙyale kumfar farko, wannan iska ce da ta maƙale. In kumfa ta ci gaba da tasowa jere da jere ba yankewa, kuma tana ƙaruwa in an taka totur, to akwai magana. Rufe murfin, kashe, sake tayarwa, ka matsa babban tiyon sama da hannu. Tiyon da ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, alhali inji bai ko fara ɗumi ba, ba zafi ne ya kumbura shi ba. Sannan dubi salansa. Farin tururin sanyin safiya yakan watse nan da nan, ya daina cikin 'yan mintoci. Na gaskit yana da kauri, yana daɗewa a iska, ba ya dainawa ko inji ya yi zafi, kuma in akwai kulant, wato ruwan sanyaya inji mai sinadari, a motar za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Kada ka manta da ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gaba: in a jiƙe take, hita ce ke yoyo a cikin mota, gaskit bai san zancen ba.

A gareji kuwa gwaji huɗu ne, kuma duk cikinsu babu wanda ke buƙatar a kwance inji.

Na farko, a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a hura har matsin da aka rubuta a kan murfin, yawanci bar 0.9 zuwa 1.1, a jira minti 15 zuwa 20. In allura ta sauka, a bi tiyo-tiyo, da famfon ruwa, da gefen lagireto da fitila. Ƙaramin yoyo da ke ɗiga kan inji mai zafi yakan ƙafe kafin ya kai ƙasa, shi ya sa ba ka ganin ɗigo. In ba a ga komai a waje ba, a cire fulogai, a bar matsin ya kwana, da safe a leƙa silinda da 'yar kyamarar nan mai igiya. Fistan da ya yi fes kamar an wanke shi, alhali 'yan'uwansa baƙi ƙirin suke, tururi ne ya wanke shi.

Na biyu shi ne na shuɗin ruwa. A rage ruwan lagireto kamar santimita 5 don kada ya tsotsu cikin na'urar, a bar inji ya yi ɗumi, a ɗora bututun gwajin a bakin lagireto, a riƙa matsa robar na minti biyu. In akwai iskar ƙuna a ruwan, shuɗin zai koma ruwan ɗorawa a injin fetur, ko kore a dizal. In ya canja launi an gama magana. In bai canja ba, wannan bai wanke gaskit ba tukuna, domin akwai tsagar da ba ta buɗewa sai mota ta ɗauki kaya ko tana hawan tudu.

Na uku, awon kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska a cikin silinda. Inji da ɗumi, a cire fulogai duka, a katse mai da wuta, a danne totur har ƙasa, a juya inji sau biyar ko shida ga kowace silinda. Injin fetur mai lafiya yakan ba da bar 10 zuwa 14, kuma bai kamata tazarar da ke tsakanin silinda mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gaskit ne ya ɓare a tsakaninsu. In ɗaya ce ta faɗi, a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa: in ta tashi ringin fistan ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gaskit.

Na huɗu ya fi sauran faɗin gaskiya. A kawo fistan can sama da bawul duka a rufe, a hura iska ta ramin fulogi da matsin bar 6 ko 7, sai a kasa kunne. Iska ta fito ta salansa ko ta wajen shaƙar iska, bawul ne. Ta fito ta bakin zuba baƙin mai, ringi ne. Kumfa ta taso a lagireto, ko iska ta fito ta ramin fulogin maƙwabta, gaskit ne ko tof ya tsage. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi: babu gwajin waje da ke bambanta ƙonannen gaskit da tsagaggen tof, sai an buɗe.

Ka biya kuɗin gwajin daban, ko da ba a nan za a yi aikin ba, kuma ka tsaya a yi shi a gabanka.

TAMBAYA: Na buɗe murfin zuba baƙin mai na ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya manne a cikinsa. An ce mini inji ya gama. Motar ba ta zafi, ba ta shan ruwa, kuma tafiyar da nake yi da ita ba ta wuce minti goma. (Daga wata mai karatu)

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki. Jimlarki ta ƙarshe ita ce ta amsa tambayar. Duk inji yana haifar da tururi in yana ƙona mai, kaɗan daga ciki yana sauka cikin baƙin mai. In ana yin doguwar tafiya, mai yakan yi zafin da zai kore shi. A tafiyar minti goma kuwa ba ya kaiwa, sai tururin ya taru a wuri mafi sanyi, wato ƙarƙashin murfin nan, ya gauraya da mai.

Zaro sandar awon mai ki duba. In man da ke jikinta baƙi ne ko ruwan ƙasa mai haske, ba kumfa, kuma bai haura alamar sama ba, to lafiya lau. Goge murfin, a yi tafiyar minti 40 a kan babbar hanya, ki sa alama a jikin robar ruwa da biro, ki duba bayan mako guda. In ruwa bai motsa ba kuma murfin bai sake taruwa ba, an wuce wurin.

Abin tsoro shi ne man sandar kansa ya zama kamar laka, kuma ya ƙaru maimakon ya ragu. Ko a nan ma ba lallai gaskit ba ne. Wasu injina suna da 'yar na'urar sanyaya mai da ruwa ke ratsawa, in ta ɓule sai su haɗe. A wasu injinan V6 na General Motors, masu lita 3.1 da 3.4, gaskit ɗin bututun shaƙar iska ne ya yi suna wajen zubar da ruwa cikin mai. Waɗannan duk aikinsu bai kai na tof ba.

TAMBAYA: An canja mini tof gaskit wata biyu da suka wuce, yanzu ga shi motar ta koma tafasa, kumfa na fita a lagireto. Bakanike ya ce gaskit ɗin da na sayo ne jabu. Mai sayarwa ya ce aikin ne bai yi kyau ba. Wa zan kama? (Daga wani direba)

AMSA: Ɗan'uwa, yana yiwuwa duk su biyun suna da gaskiya, amma akwai na uku da ba wanda ya ambata: abin da ya ƙona gaskit ɗin farko. Gaskit ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi, kuma mai kashe shi mafi yawa zafi ne. Galibin motoci tof ɗinsu na alminiyam ne, da yawa kuma bulok ɗinsu na baƙin ƙarfe. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A zafin aiki, digiri 85 zuwa 105, gaskit yana jure wannan ja-in-ja. In allurar zafi ta shiga ja, tof yakan kumbura ya murƙushe zoben ƙarfen da ke kewaye da bakin silinda, in ya huce kuma ya bar tazara. In aka sa sabon gaskit ba a nemo dalilin zafin ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Don haka tambayi bakaniken: an gwada tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, a ruwan zafi an ga yana buɗewa? Fanka tana tashi da kanta in inji ya yi zafi? An taɓa lagireto daga sama har ƙasa don a ji ko akwai sashen da ya toshe yana sanyi? An duba fuka-fukan famfon ruwa, waɗanda tsatsa ke cinyewa, ko na roba da ke sulɓewa a kan sandarsu? Murfin lagireto fa? Wannan ƙaramin abu shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya haura digiri 120. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa a zafin da bai kamata ba.

Sai mu zo kan aikin kansa, inda aka fi yin ha'inci ba tare da mai mota ya gani ba.

Tof da aka cire ba a mayar da shi sai an auna. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskarsa, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran farantan awo a ƙarƙashi. Masu ƙera injina da yawa sun tsayar da iyakar lanƙwasa a milimita 0.05, wanda bai kai kaurin takardar rubutu ba. Ido ba ya ganin wannan, gilashi da samfefa ma ba sa gyara shi. In ya wuce iyaka sai a kai wa masu injin yankan ƙarfe su share fuskar. Sharewar ma tana da iyaka: a injinan Honda da dama milimita 0.2 ce gaba ɗaya. Tof ɗin da aka taɓa sharewa sau biyu wataƙila ba shi da sauran nama. A can ne kuma ake toshe hanyoyin ruwansa a hura masa iska cikin ruwan zafi don a ga ko ya tsage, musamman tsakanin mazaunin bawul biyu. Fuskar bulok ita ma a auna ta.

Wajen goge tsohon gaskit, a yi da abin kankara na roba ko reza a kwance, a toshe ramukan mai da tsumma. Faifan gurza da ake ɗaurawa a 'yar na'ura mai juyawa yana cin alminiyam ya bar kwari, tsakuwarsa kuma ta faɗa cikin mai ta je ta cinye metal, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kanta, bayan 'yan watanni. Gaskit na zamani mai faranti-faranti na ƙarfe yana son fuska sumul kuma busasshiya. Ba a shafa masa gam ko giris.

Kusoshin tof, waɗanda yawanci goma ne a inji mai silinda huɗu, a injina da yawa irin masu miƙewa ne. Ana ɗaure su har su ɗan ja tsawo, kuma da zarar sun miƙe ba sa komawa. Irin waɗannan sababbi ake sawa, ko a auna kaurinsu in littafin motar ya yarda a maimaita. A busar da ramukansu da iska, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami yakan sa sifana ta ce kusa ta ɗauru alhali ba ta danne tof ba, wani lokaci ma ya fasa bulok. Ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, zagaye-zagaye, da sifana mai awo, mataki-mataki. Misali, injin Toyota 1ZZ-FE ana kai shi Nm 49 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) sannan a ƙara juyi na digiri 90. Wasu injinan Volkswagen masu silinda huɗu kuwa Nm 40 ne, sai 60, sai juyin digiri 90 sau biyu. Kowane inji da nasa. Wanda ya ɗaura bututu a sifana ya ja har ya ji a jikinsa, ya ɗaure wasu fiye da kima, wasu kuma bai kai ba.

Akwai injinan da matsalar a bulok take. Toyota 2AZ-FE mai lita 2.4 na farkon shekarun 2000, da Northstar na Cadillac, an san su da zamewar zaren ramin kusa a cikin alminiyam. In kusa ta ƙi kama awo tana ta juyawa, sai an sa wa ramukan sabon zare na ƙarfe, in ba haka ba gaskit goma ma ba za su zauna ba. A dizal kuma kaurin gaskit iri-iri ne, ana gane su da yawan huda ko tsaga a gefe, ana zaɓa gwargwadon yadda fistan ke leƙowa saman bulok.

In an sake buɗewa, ka nemi a ajiye maka gaskit ɗin. Inda ya ƙone zai nuna. In faranti ne suka rabu ko ramuka ba su dace ba, laifin kaya ne. In ya ƙone a tsakiya tsakanin silinda ta biyu da ta uku kuma awo ya nuna tof a lanƙwashe, laifin aiki ne.

TAMBAYA: Gareji biyu sun yanke mini kuɗi, na ɗaya ya ninka na ɗayan sau uku, kuma dukansu "canjin tof gaskit" suka ce. Gaskit ɗin kansa na tambaya ba shi da tsada. Ina kuɗin ke tafiya? (Daga wani mai karatu)

AMSA: Alhaji, gaskit shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Abin da kake biya hanyar isa gare shi ce. Sai an zubar da ruwa da mai, an cire bututun shaƙar iska da na hayaƙi, wayoyi, bel ko sarƙar tayimin, wani lokaci har da sandar kam, kafin tof ya ɗagu. Inji mai silinda huɗu a jere yakan ci awa 6 zuwa 10 na aiki. V6 yana da tof biyu, kuma in a gicciye yake a mota, na bayan yana manne da bango, sai ka ga aikin ya kai awa 12 zuwa 15 ko fiye. Injin Subaru mai kwance, irin EJ25 da ya yi suna da yoyon gaskit, makanikai da yawa fito da shi waje suke yi gaba ɗaya. A inji mai tof biyu a yi duka biyun lokaci ɗaya, tunda zafi ɗaya suka sha.

Ka ce kowanne ya rubuta maka lissafinsa kashi uku: ladan aiki, kaya, da kuɗin masu yankan ƙarfe. Nan za ka ga bambancin. Cikakken aiki ya kamata ya ƙunshi saitin gaskit na sama gaba ɗaya, wato na tof, na murfin bawul, na bututun iska da na hayaƙi, da robobin sandar bawul. Sai sababbin kusoshi, tamostat, murfin lagireto, baƙin mai da filta, kulant, da awo da gwajin tof. In motar mai bel ce, a sa sabon bel ɗin tayimin da abin ɗame shi da famfon ruwa, domin an riga an cire su, ladan aikinsu ya shiga ciki. In ka bar su, bayan wata shida za ka sake biyan rabin wannan aikin, kuma a injina da yawa in bel ya tsinke fistan ne ke karo da bawul.

Mai arhar, in ka bincika, yawanci gaskit ɗaya tilo zai sa, da tsofaffin kusoshi, ba awo, ba gwaji. Arha ba ta ado. Amma tsada ma ba shaida ba ce, shi ya sa muka ce a rubuta.

Ka yi yarjejeniya a mataki biyu. Na farko, kuɗin buɗewa da aunawa. A nan a tsaya a kira ka, ka zo ka ga tof, da bangon silinda, da abin da masu yankan ƙarfe suka ce. Sai a shiga na biyu in ka amince. Ka tambaya tun farko: in aka buɗe aka tarar da abin da ba ya gyaruwa, nawa zan biya? Ka tanadi ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a gefe, saboda tsohuwar mota ba ta rasa kusar salansa da za ta karye, ko tiyon da zai fashe a hannu, ko bawul da ke son niƙa. Kada ka biya duka a gaba. Biya kuɗin kaya, ka ga kwalayensu, ka riƙe wani kaso na ladan aiki sai an gwada mota a hanya. Garanti kuma a rubuta shi a rasit, wata nawa ko kilomita nawa, kuma ya haɗa da aiki ba kaya kaɗai ba. In kai ka sayo kayan, ka sani ka ba bakanike ƙofar fita, kamar yadda ka gani a wasiƙar da ta gabata.

TAMBAYA: Akwai wani ruwa a kwalba da ake zubawa a lagireto, an ce yana liƙe gaskit ba sai an buɗe ba. In sa, in ci gaba da lallaɓawa har in tara kuɗi? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ƙanenmu, yawancin waɗannan kwalabe sinadarin sodiyam siliket ne, wanda ke daskarewa kamar gilashi in ya taɓa wuri mai tsananin zafi. Yakan riƙe 'yar ƙaramar tsatsa na wani lokaci. Ba ya miƙe lanƙwasasshen tof, ba ya liƙe ɓarakar da ke tsakanin silinda biyu, ba ya tsayar da ruwan da ke shiga mai. Kuma bai san bambancin tsagar gaskit da siraran bututun lagireto da na hita ba. Motar da ka yanke shawarar ba za ka gyara ba, kana so ta ƙara 'yan watanni, zuba mata. Wadda kake niyyar gyarawa kada ka sa, don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Lallaɓawa kuma ta danganta da inda yoyon yake. In mai ko ruwa ne ke tsatsowa ta gefen inji a waje, ana iya tafiya ana dubawa kullum. In ruwa na shiga mai, ajiye motar yau, domin kulant yana lalata santsin mai, metal ya cinye, aikin sama ya zama na inji duka. In kuma yana shiga silinda, wata safiya zai taru da yawa. Ruwa ba ya matsuwa, fistan zai taso ya same shi, sandar fistan ta lanƙwashe. In ka murza makulli inji ya yi "ƙim" ya tsaya, kada ka sake murzawa. A cire fulogai a juya ruwan ya fita.

TAMBAYA: Kuɗin gyaran ya kusa rabin kuɗin motar. In gyara, in sa injin hannu, ko in sayar? (Daga wani dattijo)

AMSA: Baba, kada ka auna gyaran da abin da za a sayi motar kaɗai. Auna shi da abin da za ka kashe ka samu wata motar da ka san cikinta kamar yadda ka san wannan. Tsohuwar motar da za ka saya a madadinta ita ma da nata ciwon take zuwa, ba a faɗa maka ba ne kawai.

Abin da zai yanke hukunci shi ne ƙasan injin da sauran jikin motar. Kafin wannan matsala, tana shan baƙin mai? Tana hayaƙi mai shuɗi? Fitilar mai tana ƙyaftawa in inji ya yi zafi yana silo? Ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa? Kwana nawa aka yi ana tafiya da ruwa cikin mai? In amsar duk babu ce, giya lafiya, ƙasan mota ba tsatsa, an kuma tsayar da ita tun zafin farko, gyara ta. Gaskit da aka sa bisa ƙa'ida yana iya kai motar ƙarshen rayuwarta.

In kuwa an tuƙa ta tana tafasa har ta mutu da kanta, lissafi ya canja. Irin wannan zafin yana kashe ƙarfin ringi, ya karce bangon silinda, ya sa alminiyam ɗin tof ya yi laushi har ya kasa riƙe ɗauri. A nan injin hannu yakan fi sauƙi. Amma shi ma kada a saye shi da ido: a auna kwamfireshan ɗinsa, a buɗe murfin bawul a ga ko akwai daskararren mai, a cire fulogai a jera su, a karɓi garanti a rubuce. Kafin a ɗora shi a sa masa sabon bel, famfon ruwa da tamostat tun yana ƙasa. Lagireton da ya kashe na farko kada ya gaji na biyu.

In sayarwa ka zaɓa, faɗa wa mai saye abin da ke damunta. Akwai makanikan da ke neman irinta, tunda ladan aiki ba ya cikin lissafinsu.

TAMBAYA: An gama aikin jiya, amma har yanzu salansa na fitar da farin hayaƙi. Kuma bakanike ya ce a cire tamostat don kada ta sake zafi. (Daga wata mai karatu)

AMSA: Malama, ruwan da ya taru a tukunyar salansa yakan ɗauki tafiyar rabin awa ko awa ɗaya kafin ya ƙone. In hayaƙin na raguwa kuma ruwa bai sauka ba bayan an fitar da iska, ba komai. Duba ruwan kowace safiya na mako guda, inji da sanyi. Ɗan ragi a kwana biyun farko iska ce ke fita. In ruwa ya taɓa shiga mai, a sake juye mai da filta bayan kilomita 500 zuwa 1,000.

Tamostat kuma a bar shi. In babu shi inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, kwamfutar mota ta riƙa ƙara mai, silinda na saurin cinyewa. A injina da yawa ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi lagireto ba, in aka cire shi sai zafin ya ƙaru a kan tudu. A zuba kulant rabi, tataccen ruwa rabi, irin wanda littafin motar ya ce. In allura ta sake hawa, kashe na'urar sanyi, kunna hita har ƙarshe, ki sami wuri ki tsaya ki kashe inji. Kada a taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, kuma kada a watsa wa tof ruwan sanyi.